Jirgin da Bai Tsaya a Tafki Ba

Duk unguwar Jarwal ta Makka babu wanda bai san Malam Sada ya yi aikin jirgin ruwa ba, domin Malam Sada bai bar kowa ya manta ba. Shekara ashirin da uku ya yi yana kai da komo tsakanin Bur Sudan, Jidda da mashigin Suwez, tun yana mai wanke benen jirgi har ya zama shugaban masu igiya. Yanzu ya haura saba'in, yana zaune a wani ɗan shago da bai fi tabarma biyu ba, yana sayar wa alhazai asuwaki da turare. Amma ko yayyafi aka yi a Makka sai ya leƙo ya gaya maka daga wane gefen teku hadarin ya taso. Abin haushin kuma, sau da yawa yakan faɗi daidai, kuma wannan ne ya ƙarasa lalata shi.

Ranar wata Talata da hantsi, babbar 'yarsa Talatu ta shigo shagon da waya a hannu. Ba ta zauna ba, ba ta tambaye shi ko ya karya ba. Daga nan ya san akwai magana.

"Baba, Hudaifa ne ya turo saƙo."

Sada ya ci gaba da ɗaure asuwaki goma-goma kamar bai ji ba. Shekara tara ke nan ba a ambaci sunan nan a gabansa da ƙarfi ba. Hudaifa shi ne ɗansa namiji ɗaya tilo, haihuwar Jarwal, wanda Larabci ya fi Hausa zama a bakinsa. Yana da shekara ashirin da uku ya ce shi aikin teku zai yi. Sada ya ce ba da yawunsa ba. Shi ya san abin da teku ta ci masa: ya sha dawowa gida 'ya'yansa su ɓuya a bayan uwarsu, marigayiya Mu'minat, suna tambaya wane ne wannan baƙon. Yaro ya kafe, uba ya kafe. Ranar da Hudaifa ya ɗauki jakarsa, Sada ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "In ka taka jirgi, kada ka sake taka gidana, kuma babu albarkata a ciki." Yaron ya tafi da maganar. Tun mota ba ta fita unguwa ba Sada ya yi nadama, amma bai gaya wa kowa ba.

Talatu ta karanta saƙon ko da bai ce ta karanta ba. "Ya ce, 'Yaya, mun shiga mashigi da asubar nan. Alhamis muna Jidda in sha Allahu. Kyaftin ya yarda a kai mu Umara, mu bakwai, awa uku kacal za mu yi a Makka. Ki gaya wa Baba. In ya yarda, ina son in gan shi.'"

Sada ya ajiye daurin da ke hannunsa. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Juma'a."

"Alhamis ya ce, Baba."

"Na ji abin da ya ce. Kowane ɗan teku Alhamis yake cewa, ya iso Juma'a. Ke zo in nuna miki."

Ya jawo asuwaki biyu ya shimfiɗa su a kan tebur, ya bar siririyar hanya a tsakani, ya dasa murfin kwalbar turare a tsakiya. Mashigin nan, in ji shi, lungu ne, kamar lungun bayan gidansu da mota biyu ba sa giftawa. Jiragen arewa su shigo a ayari, su zo wani babban tafki a tsakiyar hanya, su saki anga, su zauna jiran ayarin kudu ya wuce. Shi kansa bai san sau nawa ya wuni a tafkin nan yana kallon rairayi ba. Kuma gwargwadon girman jirgi gwargwadon jiransa, ga shi an ce na Hudaifa wani shirgege ne da ya fi otal ɗin kan titi tsawo. Irin wannan sai an share masa hanya. In ya fito Laraba ya yi sa'a, sannan ga tekun Maliya a gabansa.

"Baba, wallahi an faɗaɗa shi," in ji Talatu. "An haƙa hanya ta biyu a gefe, an yashe ƙasan ya ƙara zurfi. Yanzu mai zuwa na zuwa, mai komawa na komawa, ba sai an jira ba. Shekara nawa ana nunawa a talabijin."

"Talabijin ya taɓa riƙe igiya?"

"Shi Hudaifan fa a cikin jirgin yake."

"A cikin jirgin yake, ni kuwa a cikin mashigin na tsufa. Halas, an gama magana. Juma'a."

Talatu ta dube shi, irin kallon da uwarta ke yi masa, ta tattara mayafinta ta fita. Ta san in ubanta ya ce halas, ko limamin unguwa ba ya juya shi.

Gaskiyar da Sada bai faɗa ba ita ce tsoro yake ji. Shekara tara yana shirya abin da zai ce wa yaron nan, a kan sallaya, a kan hanyar masallaci, har a bakin tebur in ciniki ya yi sanyi. Kullum sai ya tarar maganar ta yi tsawo ko ta yi gajarta. Mutumin da bai taɓa cewa ya yi kuskure a gaban 'ya'yansa ba, kwana ɗaya na ƙari ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. Ya yarda da lissafinsa har zuciya, wannan babu shakka. Amma ya fi yarda da shi saboda lissafin ya ba shi Juma'a.

Laraba ya wuni yana bayyana wa duk wanda ya tsaya sayen asuwaki yadda ake jira a tafki. Wani alhaji daga Damagaram, da turare kawai ya zo saye, sai da ya tafi da sanin inda ake sakin anga. A ranar ce kuma dabara ta faɗo masa: rago. Zai yanka rago ranar Juma'a, a dafa shinkafa, a kira maƙwabta. Yaro in ya shigo ya ga an yi masa yanka, ai ya san an yafe, ba sai an tsaya dogon bayani ba. Sada ya ji daɗin dabarar nan ƙwarai.

Alhamis da safe ya sa farar jallabiya, ya ɗauki sandarsa. Talatu ta tare shi a tsakar gida.

"Baba, don Allah yau kada ka yi nisa."

"Ka'akiya kawai za ni, kasuwar dabbobi. Kafin azahar na dawo."

"To tafi da wayarka."

"Tana shago."

Tana shagon kuwa, a cikin aljihun tebur, ƙarƙashin tarin asuwaki, inda ta saba kwana. Bai bi ta kanta ba.

A Ka'akiya ya yi abin da ya iya. Ya buɗe bakin raguna ya duba haƙora, ya matsa gadon baya, ya kushe na kushewa. Har rana ta ɗaga kafin ya tsaya a kan wani farin rago mai baƙin kunne, irin na Sudan. Yana jan sa zuwa bakin titi sai ya ji an kira shi baffa da Larabci, "Ammi Sada! Salamu alaikum!"

Turki ne, ɗan tsohon amininsa marigayi Badamasi, direban babbar mota da ke ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Jidda. Ya kawo buhunan abincin dabbobi, ana sauke masa, shi kuma yana tsaye a inuwar motar da kofin shayi. Ya zo ya sumbaci kan tsohon kamar yadda 'yan Makka ke yi.

"Wannan rago haka, ammi? Suna ne ko aure?"

"Baƙo zan yi gobe," in ji Sada. "Yaya Jidda?"

"Zahma, wallahi, cunkoso ba a magana. Wani ƙaton jirgi ne ya shigo da asuba, kwantena a kansa har ba ka ganin ƙarshensu. Duk motocin duniya sun taru a ƙofa. Da ƙyar na fito da nawa kayan."

Igiyar ragon ta yi nauyi a hannun Sada. "Daga ina jirgin?"

"Daga arewa, ta mashigi. Shekaranjiya ya shiga."

"Shekaranjiya Talata."

"Aiwa, Talata."

"Bai tsaya a tafki ba?"

Turki ya yi dariya. "Wane tafki, ammi? Wannan ai zamaninku ne. Tun da aka faɗaɗa, in suka shiga da asuba kafin magariba sun fito. Da mukan kwana biyu a ƙofa muna jiran jirgin da aka ce yana hanya. Yanzu in wakili ya ce maka Alhamis, to ka zo Alhamis."

Sada ya tsaya. Ragon ya ja, bai ji ba. Kunya ce ta fara kama shi, tun daga wuya har fuska, sannan tsoro ya biyo baya, na gaske wannan karon. Ya ce, "Ba ni wayarka." Lambar Talatu kaɗai ya haddace a duniya, ya karanto, Turki ya danna.

Ko gaisuwa ba ta bari ya yi ba. "Baba! Sau goma sha ɗaya na kira ka! Na aika shago an ce a rufe! Hudaifa ya kira da ƙarfe goma da wayar direbansu, suna fitowa daga Jidda. Ba shi da layin nan, direban kuma ya sauke su ya tafi, sai ƙarfe biyu zai dawo ya ɗauke su. Ina harabar Harami tun ɗazu, Baba, kowa fari ne, ban gan shi ba!"

"Ƙarfe nawa yanzu?" Sada ya tambayi Turki.

"Sha ɗaya da rabi."

Wani tsohon da a nan zai zauna a ƙasa ya ɗora hannu a ka. Sada ba irin wannan ba ne. Lissafinsa na mashigi ya rushe, ya ji rushewarsa, amma kan da ya yi lissafin yana nan a wuyansa. Ya rufe ido. Sun bar Jidda ƙarfe goma. Sun iso sha ɗaya da kwata. Daga inda motoci ke sauke mutane zuwa Ka'aba, da baƙi shida da za su tsaya kuka in sun gan ta, a ce rabin awa. Ɗawafi ranar Alhamis, minti arba'in. Azahar za ta same su sun fara Safa da Marwa. Za su gama wajen ɗaya da rabi, kuma duk wanda ya yi Umara tun da aka fara yin ta, a Marwa yake gamawa.

"Talatu, daina yawo. Je ki ƙofar Marwa ta waje ki tsaya, kada ki motsa. Zan kawo miki shi."

"Baba, ta yaya za ka—"

"Na ce zan kawo miki shi."

Ya miƙa wa Turki wayar, ya haɗa masa da igiyar rago. "Kai wannan gida." Turki ya dubi ragon, ya dubi motarsa mai taya goma sha takwas da ba ta da izinin shiga Jarwal, ya buɗe baki. Kafin ya sami abin cewa tsohon ya tare tasi ya shige.

Ana kiran azahar ya iso Harami, gumi ya jiƙa jallabiyar. A nan wata tambayar ta tare shi, domin hanyar Safa da Marwa yanzu hawa-hawa ce, akwai ta ƙasa, akwai benaye. In ya tsaya a inda ba nan ba, shi ke nan. Ya jingina da ginshiƙi yana haki, ya yi tunani. Baƙo yakan bi ƙasa, domin nan taro ke tura shi daga ɗawafi. Amma waɗannan ba sa buƙatar ɗan jagora, suna da haifaffen Jarwal a cikinsu. Ɗan Jarwal da ke da mutum shida a wuyansa da agogo a kansa ba zai bi ƙasa ranar Alhamis ba, ranar da mutanen Jidda da Ɗa'if ke cika wurin da iyalansu. Bene na farko zai hau. Sada ya hau bene na farko, ya yi sallarsa a ƙarshen Marwa, aka sallame, taro ya sake motsawa.

Sai da ya tsaya yana kallon mutanen da ke tahowa ya gane girman abin da ya yi wa Talatu alkawari. Dubbai ne, kowa cikin farin harami, kafaɗa a waje, kai a buɗe. Idonsa kuma ba na da ba ne, daga taku ashirin fuska takan zame masa inuwa. Ko da idon na nan, wace fuska zai nema? Ya san ta siririn saurayi marar gemu. Talatu ta sha miƙo masa hotuna a waya yana kawar da kai, yau ga ranar hotunan.

Sai ya bar fuskoki ya koma kallon ƙafafu.

Mutumin da ya yi watanni a kan ruwa ba ya tafiya irin ta mutanen tudu. Yakan ware ƙafa kaɗan, ya dasa ta gaba ɗaya, kamar bai gama yarda da ƙasar ba. Hannunsa ɗaya kullum a sake yake, kusa da abin kamawa. Kuma in ya zo bakin ƙofa sai ya ɗaga ƙafa sama, saboda ƙofofin jirgi dokinsu dogo ne, wanda bai ɗaga ba ƙaurinsa zai gaya masa. Sada kansa ya yi shekara biyu a Jarwal yana tsallake dokin ƙofar da babu shi, Mu'minat tana yi masa dariya.

Ƙafafu suka yi ta wucewa: na tsofaffi masu ja, na 'yan kasuwa masu laushi, na manoma masu kaushi, na ma'aikatan gini. Minti goma, minti goma sha biyar. Wani tunani ya zo masa. Jiragen yanzu, in har sun kai girman da ake faɗa, wataƙila ko girgiza ba sa yi. Wataƙila mutanensu tafiyar kowa suke yi. In mashigi ya canza bai sani ba, me zai hana tafiyar 'yan teku ta canza? Ya ƙara dafe sandarsa, bai ɗaga ido daga ƙasa ba.

Can sai ga su. Ƙafafu goma sha huɗu a jere kusa da ƙarfen gefe, a ware, tafin kowace na sauka gaba ɗaya. Fatarsu ta yi fari-fari daga idon sawu zuwa ƙasa, ta mutanen da suka daɗe cikin takalmin aiki. A daidai inda wani siririn ƙarfe ya ratsa daɓen, na ukunsu ya ɗaga ƙafa ya tsallake shi kamar zai haye kwata. Sada ya ji dariya da kuka sun taso masa tare.

Ya ɗaga kai. Akwai gajeru biyu masu kama da mutanen Indunusiya, da wani Ba'indiye, da wani jibgegen Bamisire, da wasu biyu. A gabansu wani dogon baƙin mutum ne mai faɗin kafaɗa da cikakken gemu. Yana addu'a, amma kowane 'yan taku sai ya waiga ya ƙirga mutanensa da ido. Haka shugaban masu igiya ke yi. Sada bai san fuskar ba, amma ya san waigen, domin nasa ne.

Suka iso Marwa, suka fuskanci alƙibla, suka ɗaga hannu, suka juya suka koma. Zagaye na biyar ke nan, saura biyu. Sada ya buɗe baki zai kira, ya fasa. Ba a tare mutum a tsakiyar ibadarsa. Ya tsaya yana kallon bayan ɗansa har taro ya haɗiye shi, ya shiga jira. Ya ce bari ya yi amfani da lokacin ya tsara maganarsa. Ya neme ta ya rasa. Duk abin da ya shirya a shekara tara babu ko kalma ɗaya da ta rage.

Da suka dawo, ya matsa ya tsaya a inda dole su bi. Suka yi addu'ar ƙarshe, suka shafa. Dogon ya juyo zai yi wa mutanensa magana, sai idonsa ya faɗa kan tsohon da ke tsaye da sanda.

"Baba."

Ya rasa wace gaisuwar zai yi. Ya fara sunkuyowa zai sumbaci kai irin na Makka, sai kuma ya zube a kan gwiwa irin yadda uwarsa ta koya masa, ya kama hannun uban da hannu biyu. Mutane suna ratsa su ta hagu da dama. Sada ya dubi ƙaton mutumin da ke durƙushe a gabansa, ya ji bakinsa ya ce:

"Da gaske ba ku tsaya a tafki ba?"

Hudaifa ya ɗago, ido jawur, dariya ta kufce masa. "La, Baba. Ba mu tsaya ba. Kai tsaye muka wuce." Hausarsa ta ƙara nauyi, yana lalubo kalmomi. "Hanya biyu ce yanzu a tsakiya, rairayi ya raba su. Kana tafiya kudu, ka ga wani jirgin yana tafiya arewa, ba ka ganin ruwansa, sai ka ce a kan rairayi yake tafiya. Na tsaya a gaba da igiya, wallahi kai nake tunawa. Na ce da Baba zai ga wannan."

"Jirgi kamar naku, da kaya cike?"

"Cike, Baba. Akwai ma wanda ya fi namu a bayanmu."

"To," in ji Sada. "To. Madalla." Ya gyaɗa kai, kuma a karo na farko a rayuwarsa wani ya gaya masa labarin mashigi bai gyara masa ba.

Bamisiren ya matso da ladabi, ya yi sallama, ya nuna agogo. Saura minti ashirin da biyar, ga tafiya zuwa wurin mota, ga shi ba su yi aski ba. Layin masu aski a waje kuwa ya kai inda ya kai. Ɗaya daga cikin 'yan Indunusiyan ya je wurin wata tsohuwa 'yar ƙasarsu ya aro ɗan ƙaramin almakashi, suka shiga rage wa juna gashi a tsaye, a gurguje. Da almakashin ya zo hannun Hudaifa, bai miƙa wa abokansa ba. Yana nan durƙushe, ya juya shi ya miƙa wa ubansa ta wajen mariƙi.

"Baba, kai za ka fitar da ni daga harami."

Sada ya jingina sandarsa da ƙafarsa, ya karɓa. Ya ɗora hannun hagu a kan ɗansa. Rabon da ya taɓa kan nan tun yaron yana makarantar firamare. Ya fara saisayewa daga dama, a hankali, yana tara gashin a tafinsa don kada ya zuba a masallaci. Ya bi gaba, ya bi ƙeya. Da ya zo gefen hagu, saman kunne, sai ya tsaya. Ya matso da ido sosai. Furfura ce. Yaron da ya kora da baƙin gashi ya yi furfura a wani wuri, a cikin wasu mutane, shi yana nan Jarwal yana ɗaure asuwaki. Abin ya soke shi fiye da duk abin da ya zata, hawaye suka zubo masa, bai share ba.

"Hudaifa."

"Na'am, Baba."

"Maganar da na yi maka a bakin ƙofa, ni na yi kuskure. Na janye ta." Muryarsa ta fito da ƙarfi, yadda yake ba da umarni a kan benen jirgi a da, har Bamisiren ya waigo. "Allah ya yi maka albarka. Ya yi wa aikinka albarka, a ruwa da tudu. Duk tashar da ka sauka, Allah ya haɗa ka da mutanen kirki. Gidana gidanka ne."

Kafaɗun Hudaifa suka shiga girgiza. Ya kifa goshinsa a kan hannun uban yana cewa amin, amin, da wasu kalmomin Larabci da kuka ya cinye rabinsu. Mutanensa shida, da ba su ji ko kalma ɗaya ta Hausa ba, su ma suka ce amin.

Talatu tana nan a ƙofar Marwa inda aka ce ta tsaya. Da ta hango ubanta tafe da sanda a hannu ɗaya, wani ƙaton mai gemu riƙe da ɗaya damtsen nasa, sai ta saki ƙara ta manta a inda take. Minti biyar ta samu. A cikinsu ta yi kuka, ta yi faɗa a kan ramar da babu ita, ta cusa masa ledar dabino da dambun naman da ta wuni jiya tana yi, domin ita tun farko Alhamis ta yarda da ita. Ba ta ce wa ubanta komai a kan wannan ba, kuma ya san ta yi masa alheri.

Suka raka su har inda motar take, Sada yana ta maza yana ƙara sauri don kada a ce shi ya makarar da su. Direba ya riga ya tayar da inji. Hudaifa ya shiga na ƙarshe, bayan ya ƙirga mutanensa. Ya leƙo ta taga.

"Bayan wata uku muna dawowa ta nan, Baba. Zan turo ranar."

"Turo," in ji Sada. "Ranar da ka faɗa zan zo."

Motar ta shiga cikin sauran motoci, ta sha kwana, ta ɓace. Talatu ta share fuska da gefen mayafi, ta ce su tafi gida rana ta yi zafi. Ta miƙa hannu za ta kama nasa, sai ta ji shi a dunƙule.

"Me ka riƙe, Baba?"

Ya buɗe tafin a hankali. Gashin ne, ya jiƙe da gumi, baƙi da 'yan farare a ciki. Ta ce ga kwandon shara can. Sada ya girgiza kai. Ya ciro hankicinsa, ya zuba gashin a tsakiya bai bar ko sili ɗaya ba, ya ninke shi huɗu, ya sa a aljihun ƙirji.